Na Takwas a Jirgin Mutum Bakwai

Ni Kyaftin Harle ya fara zaɓa. Ina so a san wannan tun daga farko, domin daga baya mutane sun riƙa ba da labarin jirginmu kamar ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

A farkon shekarar 1943 aka tara mu a wata ƙatuwar rumfar jirage, matuƙa da maharba da masu taswira da masu rediyo, kowa ya gama koyon aikinsa. Aka ce kowane matuƙi ya nemi mutanen da zai riƙa tashi da su. Ina raɓe jikin bango, ɗan mahaƙin kwal daga Wales, ban san kowa ba, sai ga wani dogo mai jan gashi ya tsaya a gabana yana duba ni sama da ƙasa kamar mai cinikin tunkiya.

"Kai gajere, kana da matuƙi?"

"Ba ni da shi."

"To ka samu. Kejin wutsiya ba ya ɗaukar dogo. Yaya sunanka?"

"Emrys Probert."

"Ni Desmond Harle. Taho mu nemo sauran."

Tare muka zaga muka tsinto su. Ni na nuna masa Wilf, wanda ya zama maharbin saman jirgi, don na gan shi yana cin burodi a ɓoye cikin hula, na ce wanda bai bar tsoro ya hana shi ci ba zai yi daɗin tafiya. Harle sajan soja ne kamar mu a lokacin, amma tun ranar muke ce masa Kyaftin.

Aka ba mu jirgin jefa bama-bamai ƙirar Lancaster, aka kai mu wani filin jirage a Lincolnshire ta Ingila inda ba komai sai taɓo da gonakin kabeji. Ɗakin kwano ɗaya muke kwana mu bakwai, gadona ne kusa da murhu, saboda Kyaftin ya ce wanda ya fi kowa shan sanyi a sama shi ya kamata ya fi kowa jin ɗumi a ƙasa. Wurina a jirgi can ƙarshen wutsiya ne, cikin ɗan keji na ƙarfe da gilashi, ni da bindigogi huɗu, na juya wa kowa baya. Su shida suna gaba, ni kaɗai nake ganin inda muka baro. Abin da ya haɗa ni da su waya ce a kunne. In an jima ba a ji motsina ba sai Kyaftin ya ce, "Wutsiya, kana raye?" Ni kuma in ce, "Ina raye, Kyaftin, sai dai ƙafafuna sun tafi gida."

Doka ita ce sawu talatin na kai hari, sannan a ba mutum hutu. Kaɗan ne ke kaiwa. Muna ganin gadaje suna zama fanko a ɗakunan maƙwabta, a kwashe kayan mutum kafin azahar. Mu kuwa muka yi ta zuwa muna dawowa, har muka fara yarda cewa akwai wani abu tare da mu. Ban taɓa samun 'yan'uwa irin waɗannan ba, har a gidan ubana.

Mun wuce sawu goma lokacin da mura ta kama ni. Mura ce kawai, irin ta kowa. Muna dawowa daga Ruhr ta Jamus na hango jirgin Jamusawa ya biyo mu ta ƙasa, na yi ihu Kyaftin ya nutsa hagu. Ya kifa jirgin da ƙarfi, muka sha. Amma a wannan nutsewar na ji wani abu ya fashe a kunnena na dama, kamar an soka mini ƙusa mai zafi. Da muka sauka, Wilf ya cire mini hula ya ga jini ya bushe har wuya.

Likita ya ce dodon kunne ne ya tsage. Aka kai ni asibiti a gari.

Zuwan farko su shida suka zo, da tuffa da suka sato a gonar wani, suka cika ɗakin da hayaniya har ma'aikaciyar jinya ta kore su. Wilf ya tsaya a baya ya raɗa mini ta kunnen hagu cewa an ba su wani ya riƙe mini wuri.

"Wane ne?"

"Wani ɗan Kanada, Orval Tessier. Marayan jirgi ne. Yana kwance da zazzaɓi mutanensa suka tafi ba su dawo ba. Ba ya magana, ba ya dariya. Wallahi ba ma son ganinsa, kamar yana tafe da makara. Ka warke da wuri, don Allah."

Na kwana da daɗin wannan magana.

Zuwa na biyu Kyaftin da Wilf ne. Na uku Wilf kaɗai, kuma tun kafin ya zauna ya fara.

"Ka ji abin da Orval ya yi? Ya kakkaɓo jirgin Jamusawa ɗaya! Da idona na ga ya kama da wuta yana juyawa. Ko ihu bai yi ba, sai ya ce, 'Kyaftin, wancan ya fasa zuwa.' Muka yi ta dariya har bakin teku."

"Ba ka ce ba ya magana ba?"

"Ai sai ka saba da shi. Kuma uwarsa na aiko masa da kwalin taba da cakulan, ga wata zuma ta itace da suke yi a can. Ungo, ya ce in kawo maka."

Na karɓa na ajiye. Da Wilf ya fita na ba wani mai karyayyar ƙafa da ke gadon kusa da ni. Ni na yi sawu fiye da goma ina kare musu baya, ban taɓa kakkaɓo ko ɗaya ba, domin aikin maharbin wutsiya ya ga maƙiyi da wuri ne, ba ya nemi suna ba. Haka na riƙa faɗa wa kaina ina kallon rufin asibiti.

Da aka sallame ni, likita ya ce babu tashi sai kunnen ya haɗe. Aka tura ni ɗakin makamai, ina goge bindigogi ina jera harsasai. Na shiga ɗakinmu da jakata na tarar da wani saurayi mai faɗin kafaɗa da sanyin ido zaune a kan gadona yana ɗinke safa. Yana ganina ya miƙe tsaye.

"Kai ne Emrys. Gadonka ne, yanzu zan kwashe kayana. Kullum labarinka suke ba ni."

"Zauna abinka," na ce. "An ba ni wuri wajen masu makamai."

Ba a riga an ba ni ba. Na fita na je na roƙa.

Da mugu ne da na samu sauƙi. Da ya yi mini fankama ko sau ɗaya, da na san inda zan ajiye abin da ke cina. Amma Orval bai iya ba. In ya zo karɓar bindigoginsa, waɗanda nawa ne, sai ya duba su ya ce, "Ban taɓa samun mai gyara kamar ka ba." In ya ga ina zuwa sai ya matsa ya ba ni wuri a benci. Kowane alherinsa kamar ana zuba mini gishiri a gyambo.

Duk wanda ya dawo daga tashi ana ba shi ƙwai na gaske, soyayye, da safe. Sauranmu sai kunun alkama da wani garin ƙwai mai kama da soso. Nakan shigo in same su su bakwai a teburinmu, idanu jajaye, fuska da shatin abin shaƙar iska, suna dariyar da ba mai yin irinta sai wanda ya kuɓuta. Sukan kira ni, in je in zauna a ƙarshe. Kunnen dama ba ya ji, don haka rabin maganar ke iso ni. Sai in ga bakuna sun buɗe, kafaɗu na rawa, in ce, "Me aka ce?" Wilf ya fara maimaitawa, ya kai tsakiya ya ce, "Kai, sai kana wurin za ka gane."

Wata safiya Orval ya turo mini farantinsa.

"Ci, cikina ba daɗi."

"Ban tashi ba, ba ni da ƙwai."

"Haba, ƙwai ne fa kawai."

"Na ce ban tashi ba."

Na tura masa da ƙarfi har ƙwan ya zame ya faɗa kan tebur. Kyaftin ya dube ni, ya dubi ƙwan, sannan ya juya ya ce, "Wutsiya, ɗauki abinka ka ci." Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma ni ban bar gida ba, ɗauke ni aka yi da jini a wuya.

Sanyi ya fara sauƙi lokacin da likita ya leƙa kunnena ya ce na warke. Ko hula ban tsaya ɗauka ba, na hau keken wani na nufi inda ake ajiye jirginmu. Da hantsi ne, makanikai na kan fiffike. Kyaftin, wanda a lokacin an yi masa hafsa, yana tsaye ƙarƙashin injin yana magana da su.

"Kyaftin, na warke! Likita ya sa hannu."

"Madalla, gajere. Madalla." Ya dafa kafaɗata, ya ja ni gefe, bayan motar mai. Tun daga yadda ya ja ni na gane.

"Emrys, sawu kaɗan ya rage mana."

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa."

"Mutanen nan sun saba. Ka san halinmu, ko safa ba ma canzawa in ta kawo mu gida. Suna ganin in aka taɓa wani abu yanzu..."

"Suna gani? Shawara kuka yi?"

Ya kau da kai ya dubi makanikan.

"Har da Wilf?"

"Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Shi Orval cewa ya yi a mayar maka da wurinka, shi kaɗai ya ce haka. Amma ka duba, in na sake shi, wa zai ɗauke shi? Ya riga ya rasa mutanensa sau ɗaya."

"Ni fa? Nawa mutanen ina suke?"

"Kai ai namu ne har abada."

"Ni ka fara zaɓa, Kyaftin. Kafin kowa."

"Ban manta ba."

"To me ya canza? Kunne ne ya fashe, ba ido ba."

Ya ciro taba ya miƙo mini, na duba na ga irin ta Kanada ce. Na hau keke na tafi.

Wilf ya same ni da yamma a bayan ɗakin makamai, yana ta murza hula.

"Kada ka ɗauke shi da zafi, abokina. Ina da mata da jariri. Tsoro ne kawai."

"Ni na tsamo ka kana cin burodi a hula kamar ɓera."

"To in biya ka da raina ne? Kai ma da kai ne, haka za ka yi."

"Ba zan yi ba."

"Za ka yi, don ubanka, kowa zai yi."

Muka rabu a haka. Aka haɗa ni da wasu sababbin yara, matuƙinsu Tarrant, ko gemu bai fara ba. Shekarata ashirin da huɗu amma Baba suke kirana. In na yi tari sai su yi shiru su saurara. Sun ba ni gado mafi kyau, suna ɗauko mini shayi. Yaran kirki ne, ba su taɓa ɓata mini ba, amma zaman ɗan haya na yi da su. In muna jiran a ba mu izinin tashi, jirgin Harle nake nema da ido a layi, in ga kejin wutsiyarsa yana juyawa hagu da dama, Orval na gwada bindigogi.

Sawu ɗaya ya rage wa su Harle bayan wanda suka tafi ba su dawo ba. Mu mun sauka, mun ci ƙwanmu, gari ya waye sarai, ina tsaye a bakin fili ina kallon gabas har rana ta ɗaga. Na yi kuka a wurin, ba na ɓoyewa. Daga nan na shiga ofis na dubi allon da ake rubuta waɗanda suka ɓata. Sunaye bakwai, Harle a sama, Tessier a ƙasa, daidai inda nawa yake zama. Tarrant ya dafa ni ya ce, "Baba, Allah ya tsare ka, da kana ciki." Na san gaskiya ya faɗa. Amma abin da na ji a ƙirjina ba godiya ba ce. Ji na yi sun sake tafiya wani wuri sun bar ni.

Bayan wasu makonni labari ya zo ta hannun ƙungiyar agaji. Dukansu bakwai suna raye. Jirgin ya kama da wuta, Kyaftin ya riƙe shi har kowa ya yi tsalle da laima, shi ma ya fita. Ba kasafai ake jin haka ba. Jamusawa sun tsince su ɗaya bayan ɗaya, suna sansanin fursunonin yaƙi. Na sha giya ranar har yaran suka ɗauko ni a kafaɗa.

Na cika talatin ɗina da Tarrant. Yaƙi ya ƙare, na koma Wales, na samu aiki a tashar jirgin ƙasa, na auri Glenys. Shekara na zagayowa Kyaftin ya gayyace ni taronsu a wata mashaya a Lincoln. Na sa kwat ɗin aurena, na tafi ina cewa yanzu kam an zama ɗaya, kowa farar hula.

Sun rungume ni, Wilf har da hawaye. Sun rame, haƙoran wasu sun zube. Aka zauna, aka kawo giya, sai hira ta koma sansani. Yadda suke raba burodi ɗaya da zare don kada a cuci kowa. Wani mai gadi da suka sa wa suna Kawu. Tafiyar da aka kora su a ƙafa cikin ƙanƙara a ƙarshen yaƙi, inda ƙafar Wilf ta ruɓe, Orval ya ɗaura shi a kan ƙyauren ƙofa ya ja shi kwana da kwanaki. Suna da kalmomin da ban sani ba. Wani ya ce "miyar Talata" sai duka su kife da dariya.

Na ce, "Mu ma akwai ranar da muka dawo daga Stuttgart injin biyu kacal ke aiki..."

Suka saurara da ladabi, irin sauraren da ake yi wa baƙo. Da na gama Wilf ya ce, "Kai ai ka ji daɗinka, gajere. Kana can kana cin ƙwai muna cin ɓawon dankali."

Na fi kowannensu yawan sawu. Ban faɗa ba.

Da na koma gida na ba Glenys labari, ta ajiye tukunyar shayi ta dube ni.

"Emrys, tunda nake ban taɓa ganin mai kishin kurkuku ba sai kai. Yunwar kake so, ko ƙwarƙwatar?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Yaran nan na Tarrant kullum suna aiko maka da gaisuwa, ko amsawa ba ka yi. Masu son ka ba su ishe ka ba, sai waɗanda suka ajiye ka."

Gaskiyarta ce, amma gaskiya ba ta kashe irin wannan wutar.

Orval bai koma Kanada ba. Ya auri Muriel, ƙanwar Kyaftin, suka zauna a wani ƙauye a Yorkshire yana gyaran motocin noma. Ashe baƙon da aka ce raɓa ne ya zama ɗan gida har da surukuta. Na je bikin. Ana cikin rawa ya same ni a waje, ya jingina da katanga kusa da ni, yana tari kaɗan-kaɗan.

"Akwai abin da na daɗe ina so in faɗa maka," ya ce. "A sama, duk lokacin da abu ya yi tsanani, da sunanka Kyaftin yake kirana. Har daren da aka harbo mu, cewa ya yi, 'Emrys, fita!' Ban taɓa gyara masa ba. Kullum ji nake kujerar aro nake kai."

Na dube shi. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko ya ƙirƙira ne don ya faranta mini. Ko wanne ne, ni ba zan iya yi wa wani haka ba ranar aurena, kuma wannan ma sai da na ji haushinsa.

"Ka koma ciki," na ce. "Amarya na neman ka."

Tarin nan bai bar shi ba. Ciwon ƙirji ne da ya ɗauko a sansani. Ya yi 'yan shekaru yana fama, ya rasu ya bar Muriel da 'ya'ya mata biyu. Kyaftin ya bugo waya tashar da nake aiki ya gaya mini. Na hau jirgin ƙasa na safe.

Coci ce ƙarama a kan tudu, maƙabartar na bayanta, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Da aka gama addu'a aka ce masu ɗaukar akwatin su matso. Mutum shida ake buƙata. Na riga na ɗaga ƙafa, sai na ga sun jeru, uku a dama uku a hagu, Kyaftin da Wilf a gaba, ba wanda ya ce wa wani komai. Sun cika cif.

Wilf ya waiwayo yana neman inda zai ajiye hularsa, ya gan ni.

"Gajere, riƙe mana."

Ya miƙo tasa, sauran ma suka miƙo. Na bi su a baya har bakin kabari, rungume da huluna shida a ƙirji don kada iska ta kwashe, tawa ta bakwai a hammata. Ina kallon yadda kafaɗunsu ke tafiya tare, ko Wilf mai ɗingishi bai saɓa taku ba. Na yi wa Orval addu'a da zuciya ɗaya, domin mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba ne. Amma ina kallon akwatin nan a kan kafaɗunsu ina tunanin ranar tawa, ko su waye za su zo.

Da aka rufe ƙasa kowa ya zo ya karɓi hularsa. Kyaftin ne na ƙarshe. Gashinsa ya fara fari, idonsa ya yi ja.

"Za ka zo Lincoln bana?"

"Zan zo."

Na je, kuma ban fasa zuwa ba ko shekara ɗaya. Sukan ajiye kujerar Orval ba kowa a kai, da kofin giya cike a gabanta. Ni kuma mai mashayar yakan ɗauko mini wata daga ɗaya ɗakin, in zauna a ƙarshen tebur, in juyo musu kunnen hagu.